Gwajin ƙasa da buhun taki: inda lissafin ke tsinkewa

Manomin masara a Saminaka ko Funtuwa ko Doguwa ya san lissafin da aka saba ba shi: buhu takwas na kamfa 15-15-15, da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya, a kowace hekta. Lissafin yana da tushe. Ya fito ne daga shawarar gama-gari da masu bincike suka daɗe da tsayarwa domin yankin masara na arewa, wato kilo 120 na naitirojin, kilo 60 na fosfat, kilo 60 na fotash. Lambobin 15-15-15 na nufin kashi 15 cikin ɗari na kowane ɗayan ukun nan. Buhu takwas kilo 400 ne, kuma kashi 15 cikin ɗari na 400 shi ne 60, saboda haka kamfar ta biya fosfat da fotash gaba ɗaya, ta biya rabin naitirojin. Ragowar kilo 60 sai yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, wato wajen kilo 130.

A takarda lissafin ba shi da aibu. Aibunsa shi ne riga ɗaya aka ɗinka wa kowa. Gonar bayan gida da ke shan kashin tumaki da toka da sharar gida kowace shekara, da gonar jigawa mai nisa wadda jaki bai taɓa kai mata mangalar taki ba, duk abinci ɗaya aka rubuta musu. Manoma sun riga kowa sanin wannan bambanci. Suna raba ƙasa da sunanta: jigawa, dabaro, jangargari, fako, fadama. Sun san inda gawo ya zubar da ganye amfani ya fi kyau, sun san mashekarin Fulani na yin shekaru yana biyan mai gona, sun san wuta-wuta ta fi addabar gonar da ta gaji. Abin da ido ba ya iya gani shi ne wane sinadari ne ya ƙare, kuma nawa ya rage. Nan ne gwajin ƙasa ke shigowa.

A damunar 2015 da ta 2016, masu bincike na cibiyar binciken noma ta IITA da Jami'ar Bayero, ƙarƙashin shirin bunƙasa noman masara mai suna TAMASA, sun yi wani gwaji a gonakin manoma a jihohin Kano da Kaduna da Katsina. Tsarinsa mai sauƙi ne: a raba fili gida-gida, wani a ba shi komai, wani a hana shi naitirojin, wani a hana shi fosfat, wani a hana shi fotash, a ga wanda zai fi jin jiki. Sakamakon ya nuna naitirojin da fosfat ne manyan masu tauye masara, fotash kuwa a yawancin gonakin bai ƙara wani abin a zo a gani ba. Akwai kuma gonakin da ko an zuba musu komai ba sa motsawa yadda ya kamata. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wanda ke sayen 15-15-15, domin kashi ɗaya cikin uku na sinadarin da ya biya kuɗinsa fotash ne. Yuriya a gida ake yin ta, a Onne da Eleme da kuma masana'antar Dangote da aka buɗe a Legas a 2022, amma fosfat da fotash da dala ake shigo da su. A ganina babban amfanin gwajin ƙasa ga ƙaramin manomi ke nan: ya nuna masa abin da zai daina saya, ya karkata kuɗin zuwa abin da gonar ke kuka a kai.

To amma kafin a kai can, akwai wuraren da aikin ke lalacewa, kuma na farkonsu tun a gona yake.

Ɗakin gwaji ba ya auna gona, abin da aka kawo masa a leda yake aunawa. Ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin santimita 20, ta kai nauyin tan dubu biyu zuwa uku, kuma rabin kilo ne kacal zai wakilce ta. Idan rabin kilon nan ya fito daga wuri ɗaya, ko daga gefen da mai gona ya fi so, sakamakon ba na gonar ba ne. Yadda ake yi shi ne a fara raba gonar da ido. Tudu daban, kwari daban, inda aka saba zuba takin gida daban, jar ƙasa da rairayi daban. Kowane ɓangare samfurinsa daban, ko da kuwa gonar ba ta wuce hekta ɗaya ba. A cikin kowane ɓangare a yi tafiya a karkace, daga wannan gefe zuwa wancan, ana tsayawa wuri 15 zuwa 20. A kowane wuri a share ganye da karmami, a haƙa rami mai baki buɗe zurfin santimita 20, a yanko ƙasa daga bangon ramin tun daga sama har ƙasa, kauri ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kankaro ƙasar sama kawai, alhali ita ce ta fi ƙarfi, sai sakamako ya fito yana yabon gona. A gonar da ke da tsofaffin kunyoyi, a riƙa ɗiba daga tsakiyar gefen kunya, domin takin bara yana taruwa a kanta, kwarin kuma ƙasar ƙarƙashi ce.

A kauce wa suri, da gindin gawo, da inda aka ƙona kara, da inda aka jibge taki kafin a watsa, da bakin hanya da iyakar gona. Toka kaɗan ta isa ta ɗaga fotash, ta kuma rage tsamin ƙasa a sakamako. A haɗa duka a bokitin roba mai tsabta. Bokitin kwano mai rufin zink yana iya ɓata awon zink, tsohon buhun taki kuwa yana ɓata komai, domin 'yar ƙura ta kamfa da ta maƙale a jikinsa ta isa ta mayar da mayunwaciyar gona ƙosasshiya a takarda. A murmushe ƙasar, a cuɗa sosai, a baza, a raba huɗu, a zubar da kashi biyu masu fuskantar juna, a sake cuɗawa, har ta rage rabin kilo. A shanya ta a inuwa, ba a rana ko kusa da murhu ba. A rubuta suna da ɓangaren gona da abin da aka shuka bara da takin da aka sa, da abin da ake son shukawa bana. Lokacin da ya dace shi ne bayan girbi, cikin rani, wata biyu ko uku kafin saukar damuna. Wanda ya kai samfur a watan Mayu, sakamako zai iya zuwa masa bayan ya gama noman firi.

Sai karanta takardar. Abubuwa biyar ne suka fi muhimmanci. Ma'aunin tsami, wanda ake rubutawa pH: masara da dawa da waken soya sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 7, kuma idan ya sauka ƙasa da 5.5, wato tsami ya yi yawa, ƙasa na fara riƙe fosfat ta hana shuka, saiwa kuma ta takura. Ruɓaɓɓen abu, wanda ake aunawa ta kabon: ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ya yi kaɗan, kuma mafi yawan gonakin tudu a arewa a nan suke. Fosfaras, sinadarin da ke cikin fosfat: a jadawalin da aka saba amfani da shi, ƙasa da miligiram 10 a kilo ƙaranci ne, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 wadata. Fotashiyam, sinadarin da ke cikin fotash: ƙasa da 0.15 a ma'auninsa ƙaranci ne, sama da 0.3 wadata. Sai yanayin ƙasar, yashi ne ya rinjaya ko laka, wanda shi ke nuna sau nawa za a raba yuriya.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, lambar fosfaras ta dogara da hanyar da aka bi aka tatso shi. Hanyar Bray ta dace da ƙasa mai ɗan tsami, hanyar Olsen ta dace da ƙasa mai kanwa-kanwa irin ta wasu filayen ban ruwa, kuma lambobinsu ba sa musanyawa. Wanda ya kwatanta sakamakon ɗakin gwaji biyu ba tare da duba hanyar ba zai ruɗe a banza. Na biyu, takardar gwaji tana maganar fosfaras zalla, buhu kuwa yana maganar fosfat, kuma kilo ɗaya na farkon daidai yake da kilo 2.3 na biyun. An sha yin kuskure a wannan juyi, a rubuta wa manomi ƙasa da rabin abin da ake nufi.

Game da naitirojin, gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce gwajin ƙasa bai da ƙarfi sosai a kansa. Naitirojin ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan farko yana taso da shi, ruwan Agusta yana wanke shi, abin da aka auna a Fabrairu ba shi shuka za ta tarar a Yuli ba. Saboda haka shawarar naitirojin daga yawan amfanin da ake nema ake gina ta. Masara tana shan kimanin kilo 20 na naitirojin kafin ta ba da tan ɗaya na tsaba, kuma daga abin da aka zuba a gona sau da yawa bai kai rabi ba ke shiga jikinta. Mai irin gargajiya da shuka jefi-jefi ba zai ci ribar kilo 120 ba, ko ƙasarsa ta ce me. Wannan adadi na mai ingantaccen iri ne, wanda ya shuka santimita 75 tsakanin kunyoyi da 25 tsakanin tushe, ya samu tushe kusan 53,000 a hekta, ya kuma yi noma a kan kari.

A ɗauka an tsallake duk wannan, sakamako ya fito daidai: fosfaras ya yi ƙasa, fotash ya wadata, an ba da shawarar kilo 100 na naitirojin da kilo 50 na fosfat, fotash a bar shi bana. Manomi ya shiga kasuwa da takardarsa. Da zai samu takin DAP, mai kashi 18 na naitirojin da 46 na fosfat, kilo 110 ya ishe shi, wato buhu biyu da ɗan ɗori, ya haɗa da buhu uku da rabi na yuriya. Duka bai kai buhu shida ba. Da zai samu supa, wato takin fosfat marar naitirojin, buhu biyar da rabi zuwa shida zai saya da buhu huɗu da ɗan ƙari na yuriya, ya kuma samu salfa a kyauta, wanda gonaki da yawa sun fara nema tun da aka rage amfani da supar. Amma a shagon ƙauye abin da zai tarar kamfa ce da yuriya. Da 15-15-15 sai ya sayi kusan buhu bakwai kafin ya cika fosfat ɗin, da buhu biyu da ɗan ɗori na yuriya, ya kwashi kilo 50 na fotash ɗin da aka ce ba ya buƙata. Da 20-10-10 kuwa buhu goma ne cif. Gwaji ya yi aikinsa, kasuwa ta mayar da shi inda ya fito.

Wannan 20-10-10 ita ce shirin takin shugaban ƙasa ya yaɗa, wanda aka fara a ƙarshen 2016 bayan yarjejeniya da Maroko, aka riƙa sayar da buhu Naira 5,500. Shirin ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki da dama, kuma wannan alheri ne. Sai dai haɗin iri ɗaya ne daga Sakkwato har Kalaba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na buhun ciko ne na dutsen farar ƙasa. Masana'antar haɗa taki tana iya sauya haɗi cikin sauƙi, tun da awo ne na yuriya da DAP da fotash. Abin da ya rage shi ne a samu taswirar ƙasa da za ta ce wannan yanki ga haɗin da ya dace da shi, da dillalan da za su yarda su ajiye haɗi fiye da ɗaya. Habasha ta bi wannan hanya tun 2012, ta auna ƙasarta gunduma-gunduma domin ta sauya haɗin takinta. A nan ma akwai masu ƙoƙari: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da sashen noman ƙasa mai ƙarancin ruwa na Jami'ar Bayero, da motocin gwajin ƙasa na OCP, kamfanin takin Maroko, da suka zaga ƙauyuka. Amma malamin gona ɗaya yana kula da dubban manoma, kuma takardar da babu mai fassara ta zuwa buhu da murfin kwalbar awon taki, ƙarshenta ƙarƙashin katifa.

Indiya ta gwada abin da girma. A 2015 ta ƙaddamar da katin lafiyar ƙasa, ta auna sinadarai goma sha biyu, ta raba wa manoma katuna miliyoyi. Wani bincike a jihar Bihar ya tarar manoman da aka ba sakamakon gonarsu ba su sauya yadda suke zuba taki ba: wasu ba su fahimci katin ba, wasu ba su yarda da shi ba, wasu kuɗin ne babu. A arewacin Najeriya an gwada wata manhaja mai suna Nutrient Expert, wadda ba ta buƙatar samfur, tambayoyi take yi kan tarihin gona da amfanin bara da kuɗin da ke hannu. Canjin da aka gani bai yi yawa ba, kuma ya fi bayyana wurin manoman da aka haɗa musu shawarar da bayanin ribar da za su samu idan farashin masara ya tashi ko ya faɗi. Wannan ya kamata ya sa masu ba da shawara su tsaya su yi tunani. Ana yawan cewa manomi bai waye ba, alhali lissafi yake yi wanda takardar ba ta yi ba. Buhun yuriya yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Idan kowane kilo ya ƙara kilo 15 na masara, buhun ya haifi kusan buhu uku da rabi. Idan fari ya shiga lokacin goyo, ko wuta-wuta ta ci rabi, ya koma kilo 7, bai kai buhu biyu ba, kuma da kaka za a sayar, lokacin da masara ta fi arha. Tun tashin farashin taki a 2022 da faɗuwar Naira a 2023 wannan lissafi ya ƙara tsauri. Shawarar da ta ce buhu tara ga mai kuɗin buhu uku ba ta amsa tambayarsa ba. Tambayarsa ita ce: buhu ukun nan, wanne zan saya, a wace gona zan sa, yaushe?

Amsar tana nan, kuma gwajin ƙasa yana taimaka mata. Gara a ba rabin hekta cikakken abinci da a barbaɗa wa hekta guda abin da ba zai ƙosar da ita ba, ragowar a shuka wake ko gyaɗa ko waken soya, waɗanda ɗan fosfat kawai suke nema. A Nijar, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta nuna cewa giram 6 na 15-15-15, ko giram 2 na DAP, a ramin shukar gero yana ɗaga amfani sosai. A rami 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan ko kilo 20. Sirrin shi ne takin yana daidai bakin saiwa lokacin da take nemansa.

Haka ma a masara, yadda aka sa taki yana iya cinye ribar gwaji. Fosfat ba ya tafiya a cikin ƙasa, kuma shuka tun tana ƙarama take buƙatarsa, don haka kamfa ranar shuka ake so, ko cikin kwana 10 zuwa 14. Wanda ya jira sai masara ta kai gwiwa, ganyenta ya riga ya yi shuɗi-shuɗi mai ja, ya makara. A tona rami santimita 5 zuwa 8 daga tushe, a zuba, a rufe. Kilo 400 a tushe 53,000 giram bakwai da rabi ne kowane tushe, wato murfin kwalbar lemo ɗaya da ɗan ƙari. Yuriya a mako na huɗu zuwa na shida, cikin ƙasa mai laima, a binne ta. Wadda aka watsa a kan busasshiyar ƙasa da rana, wani kasonta iska ke tafiya da shi. A jigawa mai yashi gara a raba yuriyar kashi biyu. Sannan a auna gonar da gaske, da igiya ko da wayar hannu: hekta mita 100 ce sau 100, kusan eka biyu da rabi, kuma gonar da ake kira hekta da baki sau da yawa ba ta kai ba ko ta wuce.

Gargaɗi biyu. Kada a ɗauka fotash ya zama banza har abada. A ƙasar Hausa kara da harawa ba sa kwana a gona, ana kwashe su domin dabbobi da danni da makamashi, kuma mafi yawan fotash ɗin da shuka ta sha a cikin karan yake. Gonar da ta wadata bana tana iya ramewa nan da wasu shekaru, shi ya sa ake maimaita gwaji duk shekara uku. Rogo da dankali da tumatir kuwa masu cin fotash ne tun asali. Na biyu, gonar da ruɓaɓɓen abu ya ƙare mata ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Gwajin da aka fara a Samaru tun 1950, ana kwatanta kashin shanu da takin zamani shekara da shekaru a fili ɗaya, ya nuna naitirojin na zamani shi kaɗai yana tsamar da ƙasa a hankali, haɗa shi da takin gida ne ke riƙe amfani. Idan takarda ta nuna kabon ya yi ƙasa ƙwarai, tan biyu zuwa biyar na takin gida a hekta ya fi ƙarin buhu biyu na kamfa.

Wanda ɗakin gwaji ya yi masa nisa yana iya tambayar gonar da kansa, kuma ƙungiyar manoma ta fi dacewa da wannan. A ware fili huɗu a jere, kowanne mita 10 sau 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hekta, a wuri mai ƙasa iri ɗaya. Na farko a ba shi yuriya kilo 2.6, supa kilo 3.3, da jan takin fotash kilo 1. Na biyu a cire fotash. Na uku a cire supa. Na huɗu a yi masa yadda aka saba. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, tazara ɗaya, noma ɗaya, yuriyar kuma a raba ta biyu. Da kaka a girbe kowanne daban, a busar, a ɓare, a ɗora a sikeli. Kowane kilo ɗaya na bambanci a ƙaramin filin buhu ɗaya ne mai kilo 100 a hekta. Idan tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ba ta wuce kilo biyu ko uku ba, a ɗauke ta a matsayin bambancin da ake samu ko da ba a sauya komai ba. A maimaita a damuna ta biyu, a gonaki uku ko huɗu na 'yan ƙungiya, kafin a yanke abin da za a ce wa dillali ya kawo.